Yadda Tsofaffin Wasannin Talabijin na Ingila Suka Salwanta, Suka Kuma Dawo

Gabatarwa

Duk mai sha'awar tsofaffin wasannin kwaikwayo na Ingila, wanda ke zama a gida ya kalle su ya auna kyansu, zai lura cewa sau da yawa labari yakan yanke, a ce kashi kaza babu shi. A wannan 'yar maƙala zan yi ƙoƙarin bayyana dalilin wannan giɓi, da yadda aka cike wani ɓangarensa daga garin Jos, sa'an nan in nuna abin da ya kamata mu ɗaliban adabi mu koya.

Zamanin wasa kai tsaye

Gidan BBC ya fara watsa shirye-shiryen talabijin a Landan a shekarar 1936, ya dakata a 1939 saboda Yaƙin Duniya na Biyu, ya ci gaba a 1946. A wancan lokaci 'yan wasa suna yi ne ana watsawa kai tsaye, tamkar wasan dandali, in an gama shi ke nan, ya bi iska. In ana son maimaitawa, sai a sake tara 'yan wasan su sake yi. Alal misali, wasan Nineteen Eighty-Four na 1954 sau biyu aka yi shi, kuma na biyun ne aka ɗauka a fim, shi ya sa muke da shi a yau. Shi kuwa The Quatermass Experiment na 1953, mai kashi 6, kashi 2 na farko kaɗai suka tsira.

Dalilan shafewa

Zuwa ƙarshen shekarun 1950 aka sami tef na ɗaukar hoto, amma bai kawo ƙarshen asarar ba. Dalili na farko shi ne tsada: da zarar an nuna wasa, sai a shafe tef ɗin a ɗora wani a kai. Na biyu, yarjejeniyar da aka ƙulla da ƙungiyar 'yan wasa ta taƙaita yawan maimaici, don kada maimaicin ya hana su samun sabon aiki, saboda haka tsohon tef ya zama kayan da ba a iya mora. Na uku, da talabijin mai launi ya shigo a 1967, sai mahukunta suka ga cewa ba mai sake waiwayar baƙi-da-fari. Daɗin daɗawa, wurin ajiya ya yi ƙaranci. Haka aka yi ta shafewa har shekarar 1978, lokacin da BBC ta naɗa jami'a ta musamman, Sue Malden, don kula da abin da ya rage. Amma kafin nan aikin gama ya gama.

Abin da ya tsira a ƙetare

Hausawa na cewa rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Kafin a shafe wasu daga cikin wasannin, an kwafe su a fim mai faɗin milimita 16 don sayar wa tashoshin ƙasashen waje, musamman na Ƙungiyar Ƙasashe Renon Ingila. Tasha kan nuna, ta tura wa ta gaba, kuma ƙa'ida ita ce tasha ta ƙarshe ta mayar da fim ɗin ko ta lalata shi. Ba kowace tasha ta bi wannan ƙa'ida ba.

Wasan da ya fi shahara a wannan batu shi ne Doctor Who, labarin wani matafiyi cikin zamunna, wanda aka fara a Nuwamba 1963. A watan Oktoba na 2013 BBC ta ba da sanarwa cewa wani mai farautar tsofaffin finafinai, Philip Morris, ya gano gwangwanayen fim a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos. Cikinsu akwai kashi 9 da aka daɗe da fid da rai da su: 5 na labarin The Enemy of the World, da 4 na The Web of Fear, waɗanda aka nuna a Ingila tsakanin 1967 da 1968. Da wannan ne adadin kashin da suka ɓata ya sauko daga 106 zuwa 97 a wannan shekara.

Kallo a gida da sauyin hukunci

A da, mai kallo sau ɗaya yake ganin wasa, sai ya dogara da abin da ya tuna. Zuwan kaset na bidiyo a ƙarshen shekarun 1970, da faifan DVD bayansa, ya ba shi damar tsayarwa, ya koma baya, ya sake duba. Daga nan ne sharhin mai kallo ya fara tsayawa a kan hujja.

The Enemy of the World ya isa misali. Shekaru da dama kashi na 3 kaɗai ake da shi, kuma shi ne mafi sanyi a labarin, don haka masu sharhi da yawa suka ɗauke shi wasa mai rauni. Da sauran suka dawo daga Jos, aka ga yadda Patrick Troughton ya fito a matsayin mutum biyu, wato jarumin da kuma mugun labarin, sai darajar wasan ta ɗaukaka. Ashe dai an yanke wa giwa hukunci ne da ganin wutsiyarta.

Har ila yau, mai nazari ya kamata ya auna kowane wasa da ma'aunin zamaninsa. In ya ga ɗan wasa ya yi tuntuɓen harshe an bar shi, ya tuna cewa yanka tef abu ne mai tsada. In ya kalli Cathy Come Home na 1966, wanda Ken Loach ya shirya a kan iyalin da suka rasa muhalli, ya tuna cewa wasan ya tayar da muhawara mai zafi a Ingila kan matsalar gidaje. Ke nan wasan kwaikwayo shaida ne na tarihin jama'a, kamar yadda waƙa take a wurinmu.

Kammalawa

In gidan talabijin mai arziki irin BBC ya yi wannan asara da hannunsa, to, mu ma sai mu shafa wa gemunmu ruwa. Tashar Kaduna ta fara talabijin tun 1962, kuma a tashoshinmu ne aka yi wasanni irin Samanja Mazan Fama, na Usman Baba Pategi, waɗanda ke ɗauke da Hausar zamaninsu da al'adunsa. Ina ba wannan ƙungiya tamu shawara ta naɗa kwamiti ya ziyarci tashoshin da ke kusa da mu, ya rubuta sunan kowane tsohon wasa da ke ajiye da halin da yake ciki, a nemi izinin kwafarsa zuwa ɗakin karatu na jami'a. Tef ba ya jiran mai shi ya shirya, zafi da ƙura suna cinsa kullum.