Fitilar Ankara da hanyar goro

Daga Geceme zuwa bakin teku mafi kusa, watau Kwatano, tafiya ce ta fiye da kilomita 800. Ruwan da muka sani shi ne na rijiya da na tabkunan Dallol Mawri, sai kogin Isa ga wanda ya taɓa zuwa Gaya ko Yamai. To mi ya haɗa ɗan Arewa da dogon ginin da ake kunna ma wuta a bakin teku don jiragen ruwa su gane hanya? Ni dai na ce akwai, kuma da yawa. Irin wanga gini yana cikin abubuwan da suka karkatar da hanyar fataucin kakanninmu, suka ja samarinmu zuwa Kurmi.

Mu fara da suna, tunda abin da nake karanta ke nan. A lakwal an koya muna kalmar Faransanci, phare. Asalinta sunan wani tsibiri ne, Faros, a gaban birnin Iskandariya ta Masar, inda aka gina shahararriyar hasumiyar wuta wajen shekara 280 kafin haihuwar Annabi Isa. Larabawa suna ce ma irin ginin manara, daga tushe guda da nur, haske, kuma daga nan ne Turawa suka samo kalmar da suke kiran hasumiyar masallaci da ita. Mu kuwa ba mu da kalma guda, sai mun haɗa biyu: hasumiyar fitila, ko hitila yadda muke faɗi a gida. Duka biyun aro ne daga Larabci, fitila ma asalinta lagwani take nufi. Wanga ba abin kunya ba ne. Harshen da ya ɗauki jirgi, wanda can da kwalekwalen kogi ne, ya yi jirgin ƙasa da jirgin sama da shi, ba zai rasa yadda zai yi da fitilar teku ba.

Hasumiyar da nake magana a kanta tana Ankara. Ba ta Turkiyya ba fa, Ankara ta Gana, wadda ake rubutawa Accra. Tana tsohuwar unguwar Jemstawun, unguwar masunta ƴan ƙabilar Ga. Ingilishi sun gina ta farko a 1871, wadda ke tsaye yanzu kuwa a shekarun 1930 aka gina ta a madadin waccan. Tsawonta mita 28, an shafe ta da ja da fari, kuma an yi ta ne don a hango haskenta daga wajen kilomita 30 cikin ruwa. Na hau ta a wani hutu da na yi wajen kawuna a unguwar Nima. Matakalar ciki murɗaɗɗiya ce, matsattsa, kana kaiwa sama iska mai gishiri ta buge ka. A ƙasa ga kwalekwalen masunta masu fenti kala-kala, ga hayaƙin masu ƙyafe kifi, ga kuma tsofaffin ganuwoyi biyu na Turawa, ɗaya dab da kai, ɗaya can gaba kaɗan.

Ganuwa ta kusa ita ce Jems Fot, Ingilishi suka gina ta a 1673. Ta gaban ita ce Usha Fot, wadda mutanen Holan suka gina a 1649, ta koma hannun Ingilishi a 1868. Duka biyun sun yi aikin cinikin bayi, daga baya aka mai da su gidan kaso. A Jems Fot aka tsare Kwame Nkrumah a 1950, daga nan ya fito a 1951 bayan jam'iyyarsa ta ci zaɓe. Unesko ta sa ganuwoyin gaɓar Gana cikin kayan tarihin duniya a 1979, kuma a cikin Usha Fot akwai ɗan ƙaramin gidan tarihi inda ake nuna mari da sarƙoƙi da zane-zanen yadda ake loda mutane a jirgi.

Nan ne masu ziyara da yawa suke cakuɗa abu biyu. Suna ganin fitila kusa da ganuwa sai su ɗauka jiragen bayi take haska ma hanya. Ku duba shekarun. Ingila ta haramta ma ƴan ƙasarta cinikin bayi a 1807, fitila kuwa sai bayan shekara 64 ta zo. Ganuwa ta zamanin da ake ɗaukar mutum ce. Fitila ta zamanin jirgi mai hayaƙi ce, mai ɗaukar manja da zinariya, daga baya koko da goro. Zamani biyu ne, kuma Bahaushe yana cikin kowane.

A na farko, an tafi da shi a ɗaure. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan 1804 a ƙasar Hausa sun sa kamammu da yawa suka gangara kudu, aka sayar da su ta Wida da Badagiri da Ikko, aka ƙetara da su jihar Bahiya ta Barazil. Ba su zauna shiru ba. A 1807 an tona wani shirin tawaye na Hausawa a birnin Salbado, a 1814 suka yi bore, sannan a watan Janairun 1835, cikin azumi, bayi da ƴantattu Musulmi, galibinsu Yarabawa tare da wasu Hausawa, suka yi babban tawayen da ake kira na Male. Bayan an murƙushe shi, an tsananta ma ƴantattun ƴan Afirka har da yawa suka komo gida. Wani rukuni ya sauka Ankara a 1836, mutanen Ga suka ba su wurin zama. Har yau jikokinsu suna nan, ana ce musu Tabom, wai don kullum ana jin su suna cewa tá bom, watau ya yi kyau, a harshen Fotugal. Gidansu na farko, Gidan Barazil, yana ƴan taku kaɗan daga fitila.

A zamani na biyu, Bahaushe ya zo da bindigar Bature a kafaɗa ko da huhun goro a ka. A 1863 wani hafsan Ingila mai suna Gulba, watau John Glover, ya kafa ƴar runduna a Ikko, yawancinta bayin da suka gudu daga iyayen gijinsu. Aka riƙa ce musu Hausawan Gulba, ko da yake ba duka ne Hausawa ba: duk ɗan arewa mai jin Hausa, a bakin teku Bahaushe ne. An yi amfani da su a yaƙin da Ingilishi suka ƙone Kumasi a 1874. A 1877 aka mai da hedikwatar mulkin Gol Kos daga Kef Kos zuwa Ankara, tsofaffin sojoji da fatake da malamai suka yi ta zama, zango ya kafu. A farkon ƙarni na 20 Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango, wadda take nan har gobe.

Yanzu ga inda abin ya taɓo mu kai tsaye. Kafin jirgi mai hayaƙi, goro ta ƙasa yake zuwa. Ayari ya taso daga Kano ko Sakkwato ko Jega, madugu da jagaba a gaba, jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, a ƙetare kogi ta Yawuri ko ta ƙasar Dandi, a ratsa Bargu ko Gurma, har Salaga ta ƙasar Gwanja. Tafiyar watanni ce, zuwa kawai. Ana biyan fito ga sarakunan hanya, ana tsoron ƴan fashi, goro kuma abu ne mai son laima, sai ana kwance huhu ana yayyafa ruwa ana tsince ruɓaɓɓe. Duk garin da ayari ya sauka yana cin moriya: mai hatsi, mai ciyawa, mai gishirin Foga, mai fiton kogi.

Faɗuwar Kumasi a 1874 ta sassauta riƙon da Asante suka yi ma cinikin goro, yaƙin basasar Salaga na 1892 kuma ya watsa kasuwar. Sai fatake suka ga ai akwai wata hanya: a kai goro bakin teku, a sa shi a jirgi zuwa Ikko cikin ƴan kwanaki. Ankara ba ta da tashar da babban jirgi zai matso. Can nesa yake tsayawa, ƙananan kwalekwale su yi ta yanka igiyar ruwa suna kai kaya suna ɗaukowa. A irin wagga gaɓa, fitila ita ce ke gaya ma matuƙi da dare cewa ga gari, ga inda za ka tsaya. Da dogo ya isa Kano a 1911, lissafi ya ƙare: jirgin ruwa zuwa Ikko, jirgin ƙasa zuwa Kano. Alhasan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya zauna Ankara yana saurayi, kuma yana cikin fataken arewa na farko da suka riƙa tura goro ta teku. Shi ne kakan mahaifiyar Aliko Ɗangote. Su suka ci ribar sabuwar hanya. Garuruwan tsohuwar hanya kuwa, ayari ya yi ta raguwa har ya zama labari.

Da fatauci ya bar mu, sai mu muka bi shi. Bodo da aikin dole na Faransa, wanda ba a soke ba sai 1946, da yunwar 1931, sun tura samarin yammacin Nijar zuwa Gol Kos, Zabarmawa da Kurfayawa da Arawa. Sun yi dako, sun yi aikin tasha da ramin zinariya, sun sayar da itace da ruwa. Har bori ya bi su. Iskokin Hauka, waɗanda a Arewa muke ce ma Babule, sun ɓulla wajen 1925 a yankin Filinge, suka isa Ankara, inda Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa Les Maîtres fous da ya fito a 1955. An buɗe tashar Takoradi a 1928, ta Tema a 1962, aikin kwalekwalen Ankara ya mutu. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busiya ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su fita. Tsofaffi da yawa a garuruwanmu a waccan korar suka komo, wasu da akwati guda.

Amma harshe ba a korar shi da doka. Ku saurari bakin mutanen Ankara yau. Zongo, zangonmu ne. Waakye da suke alfahari da shi, shinkafa da wake ne. Tuo zaafi, tuwo mai zafi. Koose, ƙosai. Matan da ke dako a kasuwa ana ce musu kayayei, rabin kalmar kayanmu ne, rabi kuma kalmar Ga mai nufin mata. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da za ka gani a rataye a gidan tarihi, alhali su ne shaidar da ta fi daɗewa.

Wanda yake ganin teku ba ruwanmu da ita, ya tuna abin da ya faru bayan 26 ga Yulin 2023, da aka rufe gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya, manyan motoci suka yi layi, kayan da ke saukowa Kwatano aka koma zagayawa da su ta Lome da Burkina. Kuɗin buhun shinkafa a kasuwanninmu ya nuna muna cewa tashar jirgin ruwa da ba mu taɓa gani ba tana cikin tukunyarmu. Haka abin yake tun zamanin goro: can bakin ruwa ake sauya hanya, nan ake jin ta a jiki.

Ba kowa cikinmu ne zai samu kuɗin mota zuwa Ankara ba. Amma rabin wanga tarihi yana nan gida, a bakin tsofaffin da suka yi Gana kafin 1969, kuma kowace shekara raguwa suke. Kowanenmu yana da salula mai ɗaukar murya. A hutu mai zuwa, ka samu guda a unguwarku, ka kai mishi goro, ka tambaye shi ta ina suka bi, a zangon wa ya sauka, wane aiki ya yi, nawa ake biya, waɗanne kalmomi ya zo da su. Ka rubuta yadda ya faɗa, da Arewancinsa, kada ka gyara mishi. In muka tara goma, ɗan littafinmu na gaba ya samu abin ciki.