Guntayen Tarihi: Littafin Kato na Rum da Labarin Kafuwar Kazaure

Littafin tarihi na farko da aka rubuta a zube cikin harshen Latin ya ɓace, sai guntayensa. Mawallafinsa Kato Babba ne, wanda aka haifa a garin Tuskulum a shekara ta 234 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), ya rasu a ta 149. Jarumi ne kuma ɗan majalisa, ya riƙe shugabancin Rum a shekara ta 195. Waɗanda suka riga shi, irin su Fabiyus Fikto, da Girkanci suka yi nasu rubutun. Shi kuwa sai ya zaɓi harshen mutanensa, ya tsara littafi mai kashi bakwai da ake kira Origines, watau Asali. Kashi na biyu da na uku sun bi asalin garuruwan Italiya ɗaya bayan ɗaya, ba Rum kaɗai ba. An ce ya ƙi ambaton sunayen sarakunan yaƙi, amma ya ambaci sunan wata giwa, Surus, wadda ta yi bajinta a rundunar Kartaj.

Abin da ya saura na wannan aiki bai wuce guntaye ɗari da 'yan kai ba, kuma duk a cikin littattafan wasu aka tsinto su. Malamin nahawu ya ɗauko jimla guda domin wata tsohuwar kalma da ta ba shi sha'awa. Mai sharhin waƙa ya ɗauko layi biyu domin sunan wani gari. Saboda haka abin da aka sani game da littafin Kato zaɓin waɗannan mutane ne, kuma ba tarihi ne ya dame su ba.

Wanda duk ya nemi labarin kafuwar masarautar Kazaure a rubuce-rubucen ƙarni na 19 zai sami kansa cikin irin wannan hali. Ɗan Tunku, Bafillace daga zuriyar Yarimawa, yana cikin waɗanda suka goyi bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo a arewacin ƙasar Kano, ya kuma zauna a Dambatta. A 1819 Sarkin Kano Sulaimanu ya rasu, Ibrahim Dabo ya hau gado, Ɗan Tunku ya ƙi yi masa mubaya'a. Aka shafe wajen shekara biyar ana gwabzawa, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya shiga tsakani, ya tabbatar wa Ɗan Tunku ƙasarsa. Ɗansa Dambo ne ya mai da Kazaure hedkwata.

To, su wane ne suka rubuta wannan labari? Mafi yawansu mutanen Kano ne, ko baƙin da suka sauka a Kano. Littafin Tarihin Kano, wanda bayaninsa ya tsaya a zamanin Sarki Muhammadu Bello (1883 zuwa 1893), wanda kuma Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya sa Dambatta cikin jerin garuruwan da suka yi wa Dabo tawaye. Marubucin bai tsaya bincika dalilin kowane gari ba, domin nufinsa shi ne ya nuna yadda Dabo ya ci gari bayan gari. Alƙali Muhammadu Zangi, mai Taƙyidul Akhbari na 1868, alƙalin Kano ne, daga ƙofar fadar Kano kuma yake hangen al'amura. Baturen nan Clapperton ya iso Kano a farkon 1824 ana cikin wannan yaƙi, abin da ya rubuta game da Ɗan Tunku kuwa daga bakin masu masaukinsa ya ji shi.

Akwai littafin da ya kamata a ce ya raba gardama, domin mai shi ne ya yanke hukuncin. Muhammadu Bello, kamar Kato, mai mulki ne da ya ɗauki alƙalami ya rubuta tarihin da shi kansa yake cikinsa. Sai dai kash, ya kammala Infaƙul Maisuri a 1812, shekara bakwai kafin rigimar ta tashi.

A nan ne kalmar tawaye take bukatar a dube ta da kyau. Ba a cewa mutum ya yi tawaye sai in yana ƙarƙashin wanda ya bijire wa. Hujjar ɓangaren Ɗan Tunku ita ce tutarsa daga hannun Shehu ta fito, ba daga Kano ba, don haka biyayyarsa ga Sakkwato take. Hukuncin Sarkin Musulmi ya nuna wannan hujja ba ta banza ba ce, in ba haka ba da an mai da shi ƙarƙashin Dabo. Amma kalmar da marubutan Kano suka yi amfani da ita ita ce ta shiga fassarar Turawa, daga nan ta bi littattafan da aka rubuta daga baya.

Ɗaya ɓangaren labarin ya fi zama a bakin mutane: kirarin sarakuna, da jerin sunayen da maroƙan fada suke kawowa, da abin da tsofaffi suka riƙe a Kazaure da Roni da Gwiwa, da kuma Babura da ke maƙwabtaka da su. Waɗannan ma guntaye ne, kuma su ma da manufarsu, domin maroƙi ba ya kawo inda ubangidansa ya sha kashi. Bambancin kawai shi ne na Kano an buga su tun 1908, na Kazaure kuwa yawancinsu suna ga masu riƙe da su a ka.