Daga Masallacin Yama Zuwa Ajinmu: Ilimin Siffofi Ba Baƙo Ba Ne

Bara wani uba ya tare ni a ƙofar makaranta a nan Tama, ya ce: "Malam, karatu na aiko yaron nan, sai na ji igiya da turke kuka ba shi yana wasan ƙasa." Ban ga laifinsa ba. Ni ma da nake ɗan lakwal, a kan allo kawai na san da'ira da murabba'i, da sunayensu na Faransanci, har na ɗauka Nasara ne ya zo da su. Amsar da na ba shi tarihi ce.

A shekarar 1962 mutanen Yama, a nan jihar Tawa, suka yanke shawarar gina masallacin Juma'a, suka danƙa aikin ga Falke Barmu, magini kuma manomi. Da farko gini ne mai kusurwa huɗu, rufinsa bisa ginshiƙai. Daga 1975 ya sake rufin da bakuna, ya ɗora ƙubba a tsakiya, ya tayar da hasumiya huɗu, kowace da kamanninta. An gama a 1982, kuma a 1986 masallacin ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine. Tun kafin shi, a ƙarni na 19, Babban Gwani Mika'ilu ya gina masallacin Zariya da irin bakunan da magina ke kira bakan gizo.

Ku duba abin da irin wannan aiki ke bukata. Bakan da ɓangarorinsa biyu ba su daidaita ba, nauyin rufi zai karkata gefe guda. Ɗakin da kusurwoyinsa suka goce, sai an zo rufi asirinsa ya tonu. Maganinsa igiya: idan bangayen da ke fuskantar juna tsawonsu ɗaya, sai a ja ta daga kusurwa zuwa kishiyarta, sau biyu, awo ya zo ɗaya, kusurwoyi sun tsaya. Wannan ƙa'idar tana cikin littafin lissafin da yaranmu ke haddacewa ba su gane ba.

Ba magina kaɗai ba. Masu saƙar tabarmar kaba ta Madawa suna maimaita zane ba tare da ya kauce ba. Da aikin raya karkara na Kaita ya fara a 1984, mutanen Adar, galibinsu mata, sun haƙa ramukan tare ruwa, sun jera duwatsu bisa layin da ke bin kwanciyar tudu.

Shi ya sa nake fitar da yara fili. Su kafa turke, su zana da'ira da igiya, sannan su bi bakinta da tsawon igiyar nan. Sau shida cif take dawo da su inda suka fara. Su haɗa ɗigon shida, su cika da jar ƙasa da toka, ado ya fito irin na bangon zaure. Sai bayan haka nake faɗa musu sunan siffar da ƙa'idarta, mu koma littafi. Gani ya kori ji.

Uban nan bai ce ya gamsu ba. Amma da kaka ta yi, ɗan nasa ne ya auna masa gindin sabon rumbu.