Yadda Aka Koyi Maimaita Ruwa a Sararin Sama

Ruwa abokin aiki ne, amma nauyi gare shi, gama kowace lita kilo guda ce, harba ta sama kuwa sai da kuɗi mai yawa. Matafiyan Apollo na Amurka ba su damu ba, don tafiyarsu ta 'yan kwanaki ce, kuma injin da ke ba su lantarki yana fid da ruwa.

Sa'ad da mutane suka soma daɗewa a can, sai dabara ta zama tilas. A 1975, cikin tashar Salyut 4, Rashawa suka fara tara laimar zufa da ta numfashi daga iska, suna tacewa su sha.

A Nuwamba 2008 kumbon Endeavour ya kai wa Tashar Ƙasa da Ƙasa injin da ke mai da fitsari tururi, ya tara, ya tace. Ran 20 ga Mayu 2009 mazauna tashar suka sha ruwan. A 2023 hukumar NASA ta ce an kai ga maido da kashi 98 cikin 100. Wannan shi ne ma'aunin da mai zuwa duniyar Mars yake bukata, gama can babu mai aiko masa da guzuri.