Daga Allon Bango zuwa Wayar Hannu: Tarihin Kayan Tunatar da Masu Gigin Tsufa

Gigin tsufa, wato lalacewar ƙwaƙwalwa da ke raba mutum da tunaninsa sannu a hankali har ya kasa gane rana da wuri da fuskokin iyalinsa, ya daɗe ana ɗaukarsa a matsayin halin shekaru, kafin likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana a 1906 cewa cuta ce mai barin tabo a ƙwaƙwalwa. Da yake har yau ba a samu maganin da ke warkar da ita ba, sai masu jinya suka karkata ga ƙera abin da zai riƙe wa majinyaci abin da ya kuɓuce masa.

A shekarun 1960, likita James Folsom da ma'aikatan jinya na asibitin tsoffin sojoji da ke Tuscaloosa a Amurka sun tsara hanyar maido da majinyaci cikin hayyacinsa, inda ake kafa allo a bango ɗauke da sunan rana da kwanan wata da yanayin gari da lokacin abinci na gaba, ana kuma maimaita masa waɗannan duk sa'ad da aka yi magana da shi. Hanyar ta bazu, amma a hannun marasa tausayi ta zama gyara ba ƙaƙƙautawa, ta yadda tsohuwar da ta tambayi mijinta za a shaida mata rasuwarsa sau da yawa a yini guda, kowane karo tana jin mutuwar sabuwa fil. Wannan ne Naomi Feil, ma'aikaciyar jin daɗin jama'a a Cleveland, ta ƙi amincewa da shi, ta koyar da cewa a saurari kewar da ke bayan tambayar maimakon a tsaya gardama a kan kwanan wata, kuma gaskiya tana tare da ita. Tom Kitwood na Jami'ar Bradford a Ingila ya ƙarfafa wannan ra'ayi a littafinsa na 1997, inda ya sa mutuncin majinyaci gaba da cutarsa.

Na'urori sun biyo baya, ciki har da SenseCam, kyamarar da ake ratayawa a wuya wadda masu binciken Microsoft suka ƙera a Cambridge a 2003 domin ta riƙa ɗaukar hotunan yini da kanta, majinyaci ya duba daga baya.

Sauyi babba ya zo a 2017, lokacin da Apple ya sanya sashen ƙirƙirarriyar basira a ƙwaƙwalwar wayoyinsa, Google kuma ya fitar da TensorFlow Lite, abin da ya ba manhaja damar gane murya da fuska a cikin wayar kanta ba tare da aika komai ta intanet ba. Muhimmancin haka a fili yake, domin muryar dattijo cikin ruɗewa da hotunan ɗakinsa sirrin gida ne, shi kuwa ba ya cikin halin ba da izini, sannan fiye da kashi 60 cikin 100 na mutum sama da miliyan 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta suna fama da cutar suna zaune ne a ƙasashe masu ƙarami ko matsakaicin samu, inda data ke da tsada. Sai dai ƙaramar basirar da waya ke iya ɗauka takan ƙago amsa idan ba ta sani ba, alhali mai gigin tsufa ba zai iya tantance ƙarya ba, saboda haka wajibi ne mai ƙera manhajar tunatarwa ya taƙaita ta ga sunaye da hotuna da lokutan shan magani da iyali suka shigar da hannunsu.