Sauye-sauyen farin sashen ƙwaƙwalwa a ciwon tangarɗar aikin jijiyoyi

Ciwon tangarɗar aikin jijiyoyi, wanda likitoci ke taƙaitawa da FND, yana zuwa da shanyewar gaɓa, karkarwa ko faɗuwa mai kama da farfaɗiya, alhali hoton MRI na yau da kullum ba ya nuna rauni. Tun zamanin likita Charcot a asibitin Salpêtrière na Faris ake muhawara a kansa. Wani salon hoto, DTI, wanda ke bin yadda ruwa ke tafiya cikin zaruruwan farin sashen ƙwaƙwalwa, ya gano ƙananan bambance-bambance a hanyoyin da ke haɗa cibiyoyin motsin rai da na sarrafa jiki.

Wasu na cewa wannan ya nuna ciwon lalacewar jijiyoyi ce kawai. Hujjar ba ta kai nan ba. Bambancin yana fitowa ne idan an kwatanta rukuni da rukuni, kuma yawancin binciken kan mutane kaɗan aka yi shi. Ga kuma baƙin ciki mai tsanani da wahalar ƙuruciya, waɗanda su ma kan taɓa waɗannan zaruruwa. Saboda haka har yanzu likita da gwajin jiki yake gane ciwon, kamar alamar Hoover a ƙafar da ta raunana.