Daga Zamanin Ɗantata Zuwa Jarrabawar Akanta

Lissafin dukiya tsohon abu ne a Bebeji, mahaifar Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955. A zamaninsu amana ce shaidar mai riƙon kuɗin fatake.

Da doka ta kafa ƙungiyar akantoci ta ICAN a 1965, sai shiga cikinta ta zama da sharaɗi. Ko kina da digiri, sai kin ci jarrabawar ƙwararru, darasin da kika faɗi kuwa ki maimaita shi. Mata sun bi wannan hanya, har Olutoyin Olakunri ta shugabanci ƙungiyar a 1994.

To, uwa, in 'yarki ta ce za ta maimaita darasi, kada ki yi mata gori. Karɓar mata goyon, ta samu ta yi bita.